Dangin Aro: Masu Aikin Sa Kai da 'Ya'yan Riƙon Hukuma a Ingila

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na fassara ya raba mana wani guntun labari da ya yanko daga wata jaridar Ingila, ya ce kowa ya mayar da shi Hausa kafin mako ya zagayo. Labarin yana magana ne a kan waɗansu mutane da suka haɗa kuɗi suka dafa abinci ranar Kirsimeti, domin samari da 'yan matan da suka tashi a hannun hukuma. Da na ga ba a ambaci iyayen yaran ba ko sau ɗaya, sai kawai na rubuta "marayu", inda suka tashi kuma na kira shi "gidan marayu". Ranar da aka dawo mana da takardunmu na tarar malam ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar, ya rubuta a gefe: "Wa ya gaya miki iyayensu sun mutu?"

Wannan tambaya ita ce ta haifi wannan maƙala. Da na bi diddigin al'amarin sai na gane cewa mafi yawan yaran nan iyayensu suna nan da rai, kuma kuskurena ya wuce na kalma ɗaya, domin ban fahimci irin rayuwar da ake magana a kanta ba. Maƙalar za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda riƙon hukuma yake a Ingila, da abin da ke faruwa da yaro ranar da riƙon ya ƙare, da kuma gurbin da masu aikin sa kai suke cikewa, musamman ga yarinyar da ta tashi a wannan riƙo sannan ita ma ta zama uwa.

Ya kamata in shaida wa mai karatu cewa ni ba Bahaushiya ba ce. A ƙasar Ibo aka haife ni. Ina 'yar shekara 8 aka ba ƙanwar mahaifina ni, ta tafi da ni Sabon Garin Zariya, can na tsinci Hausa a bakin maƙwabta da 'yan ajinmu. Ke nan ni ma 'yar riƙo ce, kuma da wannan idon na kalli batun. Inda aka ga alƙalami ya yi tuntuɓe, a yi mini afuwa.

Riƙo a wajen Bahaushe

Kafin mu ƙetare teku, bari mu dubi kalmar a gida. Riƙo shi ne mutum ya ɗauki ɗan wani ya rene shi a gidansa, ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa tarbiyya. Mai yin haka shi ne mariƙi ko mariƙiya, yaron kuwa ɗan riƙo. Ɗan riƙo daban yake da maraya, wanda ya rasa uba ko uwa, daban kuma yake da agola, wanda ya bi uwarsa gidan wani miji. Ana iya samun yaro ɗaya ya haɗa biyu daga cikinsu, amma kowace kalma da inda ta dosa.

Sanin kowa ne cewa dalilan riƙo suna da yawa. Akwai kunyar ɗan fari, wadda kan sa kaka ta ɗauke yaro da zarar an yaye shi. Akwai matar da Allah bai ba haihuwa ba, 'yan uwa su ba ta ɗa don ya ɗebe mata kewa. Akwai mutuwar aure, akwai neman ilmi ko sana'a a wani gari. Duk wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954, zai ga misalin wannan, domin Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi har ta aurar.

Abin lura a nan shi ne, riƙon Bahaushe ba ya yanke yaro daga danginsa, ƙara masa wani gida yake yi. Ya san sunan ubansa, ana kai shi gida da salla, kuma babu wata shekara da za a ce riƙo ya ƙare. Yarinya ko ta yi jikoki, mariƙiyarta tana nan a matsayin uwa. Ba ina cewa kowane riƙo alheri ba ne. Na ga 'yar riƙon da aka mayar 'yar aiki a layinmu, ita ce tallar safe, ita ce wanke-wanken dare, 'ya'yan gida suna makaranta. Amma ko ita, ranar da abin ya yi tsanani, akwai kawun da ya zo daga ƙauye ya tafi da ita.

Riƙon hukuma

A Ingila al'amarin ya sha bamban. A can, idan aka ga yaro yana cikin haɗari a gidansu, ƙaramar hukuma ce take da alhakin ɗauke shi, wani lokaci da yardar iyaye, galibi kuma da umarnin kotu. Babbar dokar da ta tsara wannan ita ce Dokar Yara ta 1989. A ƙarshen watan Maris na 2023, yaran da ke hannun ƙananan hukumomin Ingila sun haura 83,000. Wajen kashi biyu cikin uku an ɗauke su ne saboda cin zarafi ko rashin kulawa, sauran kuwa saboda rashin lafiyar iyaye, ko rikicin gida, ko kuma yara ne da suka shigo ƙasar neman mafaka ba tare da wani babba ba. Mutuwar iyaye ba ta cikin manyan dalilan, abin da malam yake nufi ke nan da jan bironsa.

Kimanin kashi biyu cikin uku na yaran ana sa su ne a gidajen mariƙa. Waɗansu mariƙan dangi ne, amma mafi yawa bare ne waɗanda aka tantance, aka horar, ana kuma biyan su kuɗin ɗawainiya. Ragowar suna gidajen yara inda ma'aikata ke karɓa-karɓa, wasu kuma a wasu wuraren. Kowane yaro yana da ma'aikacin jin daɗin jama'a da ke lura da al'amarinsa, yana da fayil, ana kuma zama lokaci-lokaci a duba halin da yake ciki. A takarda tsarin ba shi da makusa, kuma akwai mariƙa da yawa da suke riƙo tsakani da Allah. Matsalar ita ce rashin zama wuri ɗaya. Kusan yaro ɗaya cikin 10 yakan zauna a wurare uku ko fiye a cikin shekara guda. Duk sauyin gida yana iya zuwa da sauyin makaranta da abokai, wani lokaci har a raba wa da ƙane. Ma'aikacin da ke riƙe da fayil shi ma yakan bar aiki ko a sauya masa wuri, wani sabo ya zo ya soma tambaya daga farko.

Wani abu da na ci karo da shi ya ba ni mamaki, ko da yake ratse ne. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970, ɗalibai da yawa daga Nijeriya da Gana da suka je Ingila karatu, miji da mata, sun riƙa ba Turawa riƙon 'ya'yansu suna biyan su, har talla ake sawa a wata mujalla mai suna Nursery World. Su a ganinsu riƙo ne irin na gida, sun manta cewa a gida dangi ne ke sa ido. Ɗan wasan fim ɗin nan Adewale Akinnuoye-Agbaje haka ya tashi a garin Tilbury, kuma fim ɗinsa Farming na 2018 a kan wannan rayuwa ya gina shi. Wancan yarjejeniya ce tsakanin iyaye da mariƙa, ba riƙon hukuma ba ne, amma ya nuna cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu idan ta sauya ƙasa.

Ranar yaye

Riƙon hukuma yana da ranar ƙarewa, ita ce ranar da yaro ya cika shekara 18. Ni na zaɓi in kira ta ranar yaye, tun da da wannan kalma Hausa take faɗin cire yaro daga nono da kuma sallamar ɗalibai daga makaranta. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa sai a shekara 24 ne rabin matasan Ingila da Wales suke barin gidan iyayensu. Wato wanda ya tashi a gaban uwa da uba yana da sauran shekaru yana cin tuwon gida, idan ya fita duniya ta yi masa zafi ya dawo ɗakinsa. Wanda ya fi kowa rauni kuwa shi ake cewa ya tsaya da ƙafarsa tun da wuri.

Gaskiya ne an yi ta gyaran doka. Dokar 2000 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta naɗa wa kowane irin wannan matashi mai ba shi shawara, a kuma rubuta masa tsarin yadda zai fuskanci rayuwa. Dokar 2014 ta ba shi damar ci gaba da zama wajen mariƙansa har shekara 21 idan duka ɓangarorin sun yarda. Dokar 2017 ta tsawaita taimakon mai ba da shawara zuwa shekara 25, ta kuma jaddada cewa hukuma ta ɗauki kanta a matsayin uwa da uba ga yaran. Akwai kuɗin kayan ɗaki, wanda a 2023 gwamnati ta ce kada ya gaza fam 3,000, akwai kuma fam 2,000 ga wanda ya shiga jami'a. Duk da haka, alƙaluman 2023 sun nuna cewa kashi 38 cikin 100 na 'yan shekara 19 zuwa 21 da hukuma ta yaye ba sa makaranta, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a, alhali a tsakanin sa'o'insu gaba ɗaya abin bai wuce kashi 13 ba.

Alƙaluma ba sa faɗin komai da komai, saboda haka bari in kawo labarin mutum ɗaya. Lemn Sissay marubucin waƙoƙi ne sananne a Birtaniya. An haife shi a 1967 kusa da garin Wigan. Mahaifiyarsa 'yar Habasha ce da ta je karatu, ta nemi a riƙa mata shi na ɗan lokaci. Ma'aikacin da aka ba al'amarin ya sa wa jaririn suna Norman, ya miƙa shi ga waɗansu Turawa. Yana ɗan shekara 12 mariƙan suka mayar da shi hannun hukuma, ya zaga gidajen yara huɗu. Sai dab da yayensa aka ba shi takardar haihuwarsa, ya ga ashe sunansa Lemn, aka kuma ba shi wasiƙar da uwarsa ta rubuta tun 1968 tana roƙon a mayar mata da ɗanta. Ɗaliban harshe za su so su ji cewa a harshen Amhara kalmar lemn tana nufin "don me", kuma daga nan ya samo sunan littafin tarihinsa, My Name Is Why, wanda ya fito a 2019. Bai ga mahaifiyarsa ba sai yana ɗan shekara 21, a Gambiya, inda take aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga baya ya zama uban Jami'ar Mancesta daga 2015 zuwa 2022, ƙaramar hukumar Wigan kuma ta ba shi haƙuri da diyya a 2018.

Abin da ya tsaya mini a rai a labarinsa ba talauci ba ne. Ya fita daga riƙo ba shi da wani babba da ya san shi tun yana ƙarami wanda zai je wurinsa. Ni idan na je Zariya, gwaggona takan zauna ta ba ni labarin ranar da na ɓata a kasuwa, ko yadda nake kiran tsintsiya a farkon koyon Hausata, a yi ta yi mini dariya. Wanda hukuma ta riƙa kuwa, labarin ƙuruciyarsa yana cikin fayil, a rubuce da hannun mutanen da suka daɗe da barin aiki.

Inda masu aikin sa kai suka shigo

A nan sai na yi hattara da wata kalmar kuma. A fassarata ta farko na rubuta "'yan sa kai", sai wani ɗan ajinmu da ya tashi a Gusau ya ce shi idan ya ji haka, mutane masu bindigar toka da ke gadin ƙauye yake gani. Saboda haka na koma ga "masu aikin sa kai", wato mutanen da ke ba da lokacinsu ba don albashi ba.

Na farko a cikinsu doka ma ta san da shi. Dokar 1989 ta tanadi a naɗa wa yaron da iyayensa ba sa zuwa ganinsa wani maziyarci mai zaman kansa, a 2008 kuma aka faɗaɗa abin ya shafi duk yaron da aka ga zai amfana. Maziyarcin ba ma'aikacin hukuma ba ne. Mutum ne kawai, mai yiwuwa direba ko malamar asibiti ko ɗan fansho, wanda aka binciki tarihinsa aka tabbatar ba shi da laifin da zai hana shi kusantar yara, aka yi masa horo, aka haɗa shi da yaro ɗaya. Galibi sau ɗaya a wata yake zuwa, su tafi kallon ƙwallo ko gidan tarihi, ko su zauna su ci abinci suna hira. Akan nemi ya yi alkawarin aƙalla shekara biyu, kuma idan an sauya wa yaron gida, ana so ya bi shi can. Kuɗin mota da na abin da suka ci kawai ake mayar masa.

Mai karatu zai iya cewa, yini ɗaya a wata me zai tsinana? Ni ma haka na fara tunani. Amma a duba rayuwar yaron. Mariƙiya ana biyan ta, ma'aikacin jin daɗin jama'a ana biyan sa, ma'aikatan gidan yara suna duba agogo su ga lokacin tashi, kuma yaro ya san haka sarai ko da suna ƙaunarsa. Maziyarci shi kaɗai ne wanda idan ya zo, ba abin da ya kawo shi sai ganin yaron. Ba shi ne zai yanke shawarar inda za a kai shi ba, ba ya zuwa da takardar cikewa. Idan shekaru suka tafi, shi ne zai iya cewa, "Ka tuna ranar da ruwa ya dake mu a filin ƙwallo?" Abin takaici, binciken da aka yi a 2019 ya nuna yaran da ke da irin wannan maziyarci ba su kai 4 cikin 100 ba, wasu fiye da 1,000 kuma suna layi suna jira, saboda ƙarancin masu ba da kansu da ƙarancin kuɗin gudanar da shirin.

Ga waɗanda aka riga aka yaye, akwai wani shiri mai suna Grandmentors da aka soma a 2009, wanda ke haɗa dattawa masu shekara 50 zuwa sama da matasa 'yan 16 zuwa 24. Dattijon yakan taimaka wajen rubuta takardar neman aiki, ya koya wa matashi yadda zai raba kuɗinsa su kai shi ƙarshen wata, ya raka shi ofis idan wata takarda ta rikita shi. Bahaushe ba zai yi mamakin hikimar wannan ba, domin ya san abin da jika zai gaya wa kakarsa cikin wasa ba zai iya gaya wa ubansa ba.

Sai kuma walimar da ta jawo mini jan biro. Lemn Sissay ne ya soma ta a Mancesta a 2013, daga nan ta bazu zuwa wasu garuruwa. A Ingila ranar Kirsimeti rana ce ta iyali, kamar yadda salla take a ƙasar Hausa. Kantuna a rufe, motocin haya da jiragen ƙasa kusan duk a tsaye, kowa yana gidan iyayensa. Matashin da ba shi da gidan zuwa yakan wuni shi kaɗai a ɗaki. Masu aikin sa kai na kowane gari su ne ke tara kuɗi, su nemi wuri da mai dafa abinci, su sayi kyaututtuka, su shirya motar da za ta ɗauko baƙin, 'yan shekara 18 zuwa 25, ta kuma mayar da su. Wuni ɗaya ne a shekara, ba wanda ya ce zai warkar da komai.

Uwar da ba ta da uwa

Inda na fi ganin girman giɓin shi ne wajen haihuwa. A al'adar Bahaushe, mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Idan ta haihu akwai ungozoma, akwai mai dafa ruwan wankan jego safe da yamma, akwai mai dama kunun kanwa, akwai tsohuwar da za ta karɓi jariri cikin dare ta ce, "Ke kwanta ki huta." Haka za a yi ta yi har a yi arba'in. Mu ma a ƙasar Ibo muna da omugwo, inda uwar mai jego take tattara kayanta ta tare a gidan 'yarta na makonni ko watanni. Ba a littafi mace take koyon riƙon jariri ba, a hannun wata macen take koya. To, yarinyar da ta zaga gidaje biyar ko shida, ta haihu tana da shekara 19 a ɗakin da hukuma ta ba ta, wa zai tare mata?

Al'amarin bai tsaya ga kaɗaici ba. Sau da yawa tarihinta na riƙo yakan zama dalilin da za a sa mata ido, a soma binciken ko za ta iya riƙon ɗa tun kafin ta haife shi. Hukumar da ta ce ita ce uwa da uba gare ta, wadda a ƙa'ida ta zama kakar jaririn, ita ce kuma mai ikon zuwa kotu a ɗauke shi. Binciken da Farfesa Karen Broadhurst ta Jami'ar Lankasta ta jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya gano cewa kusan mace ɗaya cikin huɗu da aka kai kotu kan riƙon ɗanta takan sake dawowa cikin shekara bakwai, galibi a kan wani sabon jariri. A cikin matan da suka sha dawowa, kashi 40 cikin 100 su ma a riƙon hukuma suka taɓa zama. A yankin Wales kuma, Louise Roberts ta Jami'ar Kadif da abokan aikinta sun tarar cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na iyaye matan da aka ba wasu 'ya'yansu dindindin, hukuma ce ta yaye su. A kula, wannan ba ya nufin yawancin 'yan matan da suka tashi a riƙo suna rasa 'ya'yansu. Da yawa suna riƙon 'ya'yansu lafiya lau, har ma sukan ce haihuwar ce ta ba su iyali na farko da suka taɓa samu.

Amma mai karatu ya sa kansa a matsayinta. Jariri ya kwana uku yana kuka, ba ta runtsa ba, kuɗin wuta ya ƙare. Wata uwar za ta ɗauki waya ta kira mahaifiyarta ta yi kuka, a lallashe ta, magana ta mutu a nan. Ita kuwa lambar da ke wayarta ta ma'aikaciya ce, kuma ta san duk abin da ta faɗa zai shiga fayil. Sai ta yi shiru. Shirun kuma shi ne yake barin ƙaramar matsala ta girma har ta kai ga abin da take tsoro.

Wannan kulli ne masu aikin sa kai suke ƙoƙarin kwancewa. Ƙungiyar Home-Start, wadda Margaret Harrison ta kafa a garin Lesta a 1973, tana tura mutum ɗaya, galibi wanda shi ma ya yi renon 'ya'ya, zuwa gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a mako na 'yan sa'o'i. Ba don waɗanda suka tashi a riƙo kaɗai aka kafa ta ba, amma suna cikin masu cin moriyarta. Aikin ba wani mai wuya ba ne a ido: ta riƙe jariri uwar ta yi wanka, ta raka ta awo, su je kanti tare, ta saurare ta. Sai da gayyatar uwar take shiga gidan, kuma uwar tana iya cewa ya isa. Ƙungiyar Birth Companions, wadda ta soma a 1996 da mata masu ciki a kurkukun Holloway na Landan, ta horar da mata masu aikin sa kai da suka riƙa tsayawa tare da mai naƙuda wadda ba ta da kowa. Akwai kuma Safe Families, wadda ta faro daga coci-coci a Chicago ta Amurka a 2003 ta iso Ingila bayan kimanin shekara 10, inda wani iyali kan karɓi yaro na kwana ɗaya ko biyu idan uwarsa za ta kwanta asibiti, don kada rashin mai riƙo na ɗan lokaci ya zama sanadin shigarsa hannun hukuma. Idan aka duba da kyau, duk abin da gwaggo da inna da maƙwabciya suke yi ne a wajenmu ba tare da an ba shi suna ba.

Ba zan ɓoye raunin abin ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mai aikin sa kai ba zai ba da gida ba, ba zai biya haya ba. Wajibi ne a kansa idan ya ga yaro cikin haɗari ya faɗa, kuma tun ranar farko ake gaya wa uwar haka, saboda haka amanar da ke tsakaninsu tana da iyaka. Yana iya yin ƙaura ko ya gaji, kuma tafiyarsa ga wadda aka saba bari tana iya zama sabon ciwo a kan tsohon tabo. Shi ya sa ƙungiyoyin suka fi son wanda zai yi kaɗan ya daɗe a kan wanda zai zo da zafi ya ɓace bayan wata uku. Akwai kuma tsoron kada gwamnati ta fake da su ta rage abin da ya wajaba a kanta. A nawa ganin, aikinsu yana da amfani ne idan an ɗora shi a kan haƙƙin da hukuma ta sauke, ba a madadinsa ba.

Ita kanta gwamnatin ta amsa cewa akwai abin da kuɗi ba ya saye. Rahoton da Josh MacAlister ya miƙa a 2022, bayan nazarin tsarin riƙon yara na Ingila baki ɗaya, ya sa a cikin manyan burikansa cewa kada wani matashi ya fita daga riƙo ba tare da yana da aƙalla mutum biyu masu ƙaunarsa ba. Na daɗe ina juya wannan adadi a raina. Na zauna na ƙirga waɗanda zan iya buga wa waya da tsakar dare, daga Zariya zuwa ƙauyenmu, yatsuna suka ƙare ban gama ba.

A takardar da na sake miƙa wa malam, na cire "marayu" na sa "samari da 'yan matan da hukuma ta riƙa ta yaye". Ya ce ta yi tsawo, amma ya bar ta. Masu aikin sa kai kuwa na so in kira su "dangin aro", ya ce bai gamsu ba, domin abin aro mayarwa ake yi, su kuwa waɗannan ana fata su zauna. Wata 'yar ajinmu ta kawo "dangin sa kai", wani ya ce "iyayen ɗaki". Ba mu daidaita ba har aka tashi. Na bar tawa a kan maƙalar nan don ban sami wadda ta fi ta ba tukuna, wanda yake da ita sai ya aiko wa editan mujalla kafin fitowa ta gaba.